HATTARA DA CINIKIN BIRI A SAMA: YADDA AKE GANE NA'URAR GANO ƘARFE TA JABU

Duk wanda ya san birnin Fatakwal ya san Borokiri, watau unguwar nan da ke can kudancin tsohon gari, inda tudu ya ƙare ruwa ya karɓa. Turawa sun kafa birnin a 1912 domin su sami tashar jiragen ruwa da za su riƙa fitar da kwal na Inugu, kuma ba a daɗe ba Hausawa suka fara sauka suna neman halalinsu, kamar yadda suka sauka a Anacha da Inugu. Har yau ga su nan, wasu suna gadi, wasu suna cinikin dabbobi da albasa da doya, wasu suna canjin kuɗi, wasu kuwa suna sayen tsofaffin ƙarafa, su ne ake kira 'yan gwangwan.

Akwai wata na'ura guda wadda ta shafi rayuwar mutanen waɗannan zanguna ta fuska biyu, watau na'urar gano ƙarfe. Fuska ta farko ita ce ta tsaro, domin ita ce sandar nan da mai gadi yake shafa wa mutum a ƙofar masallaci ko otal ko tashar mota. Fuska ta biyu kuwa ita ce ta neman arziki, domin babbar 'yar'uwarta mai dogon hannu da faifai a ƙasa ita ce masu neman zinariya suke yawo da ita a jeji da hamada. Dukansu biyu ana tallarsu a intanet, dukansu biyu kuma 'yan damfara sun ƙware wajen yin jabunsu. Wanda ya sayi jabun ta zinariya ya yi hasarar dukiya. Wanda ya sayi jabun ta tsaro kuwa, to rayukan jama'a ya sa a hatsari, alhali yana zaton ya kāre su.

DALILIN DA YA SA KASUWARTA TA BUƊE

Sandar binciken jiki ba ta zama ruwan dare a ƙasar nan ba sai bayan da aka shiga shekarun tashin bama-bamai. Ran 25 ga watan Disamba, 2011, aka kai hari a cocin Madalla. Ran 18 ga watan Maris, 2013, bom ya tashi a tashar manyan motoci da ke Sabon Garin Kano, inda matafiya zuwa Kudu suke hawa. Ran 14 ga watan Afrilu, 2014, aka kai na tashar Nyanya kusa da Abuja, sa'an nan ran Juma'a 28 ga watan Nuwamba na wannan shekara aka kai na babban masallacin Kano, inda mutane fiye da 100 suka rasu. Daga nan masallatai da coci-coci da makarantu da tashoshin mota, Arewa da Kudu, suka shiga neman sandar bincike ido rufe. Inda duk mabuƙata suka yi yawa kuma suna gaggawa, nan mai jabu yake baje kolinsa.

Ita kuwa ta zinariya, labarinta daga hamada ya taso. Wajen 2009 zuwa 2010 mutanen Sudan suka gano cewa da wannan na'ura mutum zai iya tsintar gudan zinariya a sarari ba tare da ya haƙa rami mai zurfi ba. Zancen ya bi hamada ya faɗa Chadi, sa'an nan a watan Afrilu na 2014 aka sami zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, daga baya kuma a Cibarkaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka yi ca, garin Agadas ya zama kasuwar motoci da guzuri da na'urori, har gwamnatin Nijar ta rufe filin Jado a farkon 2017. Labarin wanda ya tafi da riga ɗaya ya komo da mota ya iso kowane zango. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum yana gadi a Borokiri ko yana tura baro a Anacha ƙanensa ya bugo masa waya daga gida, ya ce, "Yaya, a taimaka a haɗa mini kuɗin na'ura."

YADDA TAKE AIKI

Kafin mutum ya gane jabu, wajibi ne ya san abin da ta gaskiya take iya yi da abin da ba ta iyawa. A cikin faifan na'urar akwai wayar jan ƙarfe da aka naɗe zagaye-zagaye. Idan wutar batir ta bi ta cikin wayar sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayen faifan. In wannan ƙarfi ya ci karo da ƙarfe, kowane iri ne, sai ya ta da 'yar wuta a jikin ƙarfen, ita kuma ta maido da nata ƙarfin, na'urar ta ji, ta yi ƙara. Iyakar sirrin ke nan, babu tsafi babu siddabaru.

Daga wannan bayani abubuwa uku suke fitowa. Na farko, ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in an yi nisa, don haka ƙaramin gudan zinariya sai yana cikin 'yan inci kaɗan daga saman ƙasa ake jinsa, babba ne ake iya ji a zurfin ƙafa biyu ko uku. Duk mai tallar da ya ce na'urarsa tana hango zinariya daga nisan mil guda, ko a zurfin rijiya gaba goma, ƙarya yake yi. Na biyu, na'urar ƙarfe take ji, ba ta jin albarushi ko ƙwaya ko takardun kuɗi. Sandar mai gadi tana gano bindiga da wuƙa da ƙusoshin da aka ɗura a jikin bom, amma ba ta sansano abin fashewar kansa. Na uku, ƙasa ma tana da nata ma'adinai. Jar ƙasa mai tama da laka mai gishiri suna rikita na'ura, kuma yawancin kuɗin da ake biya a na'ura mai tsada na fasahar da ke tace wannan hayaniya ne. A nan jabu take tona asirin kanta, domin a cikin kanti takan yi ƙara daidai, amma da an kai ta jeji sai ta riƙa kuka ba dalili, ko ta yi gum a kan zinariya.

ABIN DA YA SAMI KAMFANIN OSTIRELIYA

Na'urar da ta fi suna a wurin masu neman zinariya a Afirka ita ce Minelab, musamman samfurin GPX 4500 da GPX 5000. Kamfanin Codan na birnin Adelaide a Ostireliya shi ne ya mallake ta tun 2008. Da kasuwar Sudan ta buɗe kamfanin ya kasa biyan buƙatar masu saye, sai wasu masana'antu a ƙasar Sin suka shiga ƙera irinta, launi ɗaya, tambari ɗaya, kwali ɗaya, ana bi da su ta Dubai ana shigo da su Afirka.

Kamfanin bai farga sosai ba sai da aka fara kawo masa na'urori masu ɗauke da sunansa domin gyara, da ma'aikata suka buɗe sai suka tarar da kayan ciki na banza waɗanda ba su taɓa sawa ba. A 2015 shugaban kamfanin na lokacin, Donald McGurk, ya bayyana wa manema labarai cewa an sace zanen na'urar ne daga kwamfutar wani ma'aikacinsu sa'ad da ya shiga intanet a wani otal a Sin. Ribar kamfanin ta faɗo daga dalar Ostireliya miliyan 45 a 2013 zuwa kimanin miliyan 9 a 2014, kuma jabun yana daga cikin manyan dalilai. Sai da suka ɗauki masu bincike, aka kai samame a Sin da Dubai, aka ɗaure wasu.

To, kamfani ya yi hasara ya farfaɗo. Amma talakan da ya sayar da gona ko shanu ya sayi kwalin banza, ya hau mota kwana da kwanaki cikin ƙishirwa, ba wanda ya lissafa tasa hasarar.

SANDAR DA BA TA GANO KOME

Mafi munin labari a wannan fanni shi ne na wani Bature ɗan Ingila mai suna James McCormick. Wannan mutum ya riƙa sayar da wata aba da ya sa wa suna ADE 651, mariƙin roba ne da 'yar eriya mai juyawa, ya ce tana gano bama-bamai da ƙwayoyi daga nesa in an sa mata wani kati. Asalinta wani abin wasa ne da ake sayarwa a Amurka kimanin dala 20, wai don neman ƙwallon golf da ta ɓace cikin ciyawa, amma shi ya riƙa sayar da guda har dala 40,000. Gwamnatin Iraƙi kaɗai ta kashe kimanin dala miliyan 85 a kanta, kuma ta shiga wasu ƙasashe, har da Nijar da Kenya.

A watan Janairu na 2010 gidan BBC ya sa masana suka buɗe katin, aka tarar babu kome a ciki sai irin ɗan abin da kantuna ke liƙa wa kaya don maganin ɓarayi. Gwamnatin Ingila ta hana fitar da ita zuwa Iraƙi da Afganistan. A 2013 kotun Old Bailey ta London ta sami McCormick da laifin zamba, ta ɗaure shi shekara 10. Duk da haka sojoji da 'yan sanda suka ci gaba da riƙe ta a shingayen Bagadaza, sai bayan bom ɗin unguwar Karrada na ran 3 ga watan Yuli, 2016, wanda ya kashe mutane kimanin 300, sa'an nan Firayim Minista Haidar al-Abadi ya ba da umurnin a janye ta.

Darasin da ke nan shi ne, in har gwamnatoci masu janar-janar da injiniyoyi sun faɗa wannan rami, to kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa sai su ƙara hattara. Har yanzu ana tallar irin wannan sanda mai eriya a intanet, an sauya mata suna kawai, yanzu wai zinariya da lu'ulu'u take hangowa daga nesa. Dalilin da ya sa eriyar take juyawa kuwa shi ne motsin hannun mai riƙe da ita, wanda shi kansa bai san yana yi ba.

DABARUN MASU TALLA

Shafukan Facebook da WhatsApp da sauran dandalin saye da sayarwa kasuwa ce kamar kowace kasuwa, akwai mutanen kirki akwai macuta. Bambancin shi ne a Babbar Kasuwar Anacha ko kasuwar Ogbete ta Inugu mutum yana ganin kaya, ya juya shi, ya san rumfar da zai komo in an cuce shi. A intanet kuwa hoto yake gani, hoton ma sau da yawa an ɗauko shi ne daga shafin kamfanin asali.

Macutan iri uku ne. Akwai wanda ba shi da kaya ko kaɗan, ya karɓi kuɗi ko rabin kuɗi ya kashe waya. Akwai wanda zai aiko da jabu da sunan ta asali. Akwai kuma wanda zai aiko da ƙaramar na'ura ta gaskiya, irin wadda yara suke neman sulalla da ita a bakin teku, ya ce ta zinariya ce. Dukansu kalamansu sukan yi kama: saura guda biyu, yau ne ƙarshen rangwame, kayan kwastan ne aka yi gwanjo, wani Bature ne zai koma gida yake neman kai da ita. Wasu sukan haɗa da hoton bidiyo inda ake tono gudan zinariya kamar dunƙulen hannu, alhali su suka binne shi da safe.

ALAMOMIN DA ZA A DUBA

Alama ta farko ita ce farashi. Na'urar zinariya ta asali kuɗinta yakan kai dala dubbai. In wakilin kamfani yana sayarwa a kan kuɗi kaza, wani kuma ya ce zai bayar a sulusin haka sabuwa fil, to ba rangwame ba ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma kada a ɗauka tsada shaida ce, gama mai jabu mai wayo yakan sa farashinsa dab da na asali don kada a yi zarginsa.

Ta biyu ita ce mai sayarwa. Manyan kamfanoni irin su Minelab da Garrett na Amurka suna buga sunayen wakilan da suka amince da su a shafukansu. Mai saye ya shiga shafin kamfanin da kansa, kada ya bi adireshin da mai talla ya turo masa, domin ana yin jabun shafi kamar yadda ake yin jabun na'ura. In bai iya ba, ya sa ɗansa ko wani ɗan makaranta amintacce ya duba masa.

Ta uku ita ce lambar na'ura. Kowace ta asali tana da lambarta ita kaɗai, kuma kamfanin Minelab yana liƙa wata takardar shaida ta musamman da ake iya tantancewa a wurinsa. A nemi mai sayarwa ya turo hoton lambar, a tambayi kamfani kafin a biya. In kaya ya iso a gwada lambar jikin na'ura da ta kwali da ta takardar garanti. Masu jabu sukan buga lamba ɗaya a kan na'urori da yawa.

Ta huɗu ita ce ƙira. A duba rubutu ko akwai kuskuren haruffa, a duba roba ko tana da kaifin baki, a duba maɓallai ko suna girgiɗi, a duba batir da abin cajinsa. Sai dai jabun yanzu ya yi kyau ƙwarai, har gwani yakan ruɗe, saboda haka wannan alama ba ta isa ita kaɗai ba.

Ta biyar ita ce hanyar biya. Wanda ya ƙi a zo kantinsa, ya ƙi a biya bayan an karɓi kaya, ya ƙi ba da rasit mai ɗauke da lambar na'ura, ya ce a tura kuɗi a asusun wani mutum dabam, to a rabu da shi.

GANI YA KORI JI

Bayan duk wannan sai gwaji. Kamfanin Garrett ya bayyana cewa sandarsa ta Super Scanner tana jin matsakaiciyar ƙaramar bindiga daga nisan inci 9, babbar wuƙa daga inci 6, reza daga inci 3. Kwamitin masallaci zai iya gwada tasa sandar da wuƙar fawa da reza da abin awo. A sa mutum ya ɓoye wuƙa a ƙarƙashin babbar riga, a aljihu, a cikin hula, ba tare da mai riƙe da sandar ya san inda take ba. In sai an manna sandar da ƙarfe take ƙara, ko kuwa tana ƙara ko'ina, ba ta da amfani. Ya kamata a riƙa maimaita wannan gwaji kowace Juma'a kafin jama'a su taru, domin ko ta asali ce raunin batir yana rage mata ji.

Ta zinariya kuwa, kada a yarda da gwajin cikin kanti inda mai kaya yake wuce zobe a gaban faifai. A fita waje, a binne ɗan kunnen zinariya a wuri ɗaya, ƙusa a wani wuri, a bar wani wurin babu kome, a zurfi dabam-dabam. Wanda ya binne ya koma gefe, kuma kada ya zama mai sayarwa ne ko yaronsa. In da hali a ɗauko wani wanda ya daɗe yana aiki da ta asali, a jera biyun a wuri ɗaya.

KO DA TA ASALI CE

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Ƙasar Fatakwal da kewayenta laka ce da yashi da kogin Kwara ya tara, arzikinta man fetur ne da gas. Zinariyar Nijeriya tana cikin tsofaffin duwatsu ne, a wurare irin su Anka da Maru a Jihar Zamfara, da Yawuri a Jihar Kebbi, da Birnin Gwari a Jihar Kaduna, da sassan Jihar Neja, da Ilesha a Jihar Osun. A can ɗin ma da yawa daga cikinta gari ce a cikin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke, kuma na'ura ba ta jin garin zinariya. Wannan niƙa da aka riƙa yi a cikin gidaje shi ya jawo gubar dalma ta 2010 a Zamfara, wadda ta kashe yara fiye da 400.

Bugu da ƙari, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce dukan ma'adinan ƙasar nan suna hannun Gwamnatin Tarayya, sai da lasin ake nema ko haƙa. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai a watan Disamba na 2024.

'Yan gwangwan da ke sha'awar na'ura don neman ƙarfen da ke binne su ma su yi hattara. Ƙasar Ribas cike take da bututun mai da na gas, kuma taɓa su babban laifi ne, ban da hatsarin gobara. A jihohin Gabas kuma har yanzu akan ci karo da ragowar bama-baman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har ma a 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta biya diyya ta kuma kwashe su. Na'ura ba ta bambanta tsohuwar tukunya da bom, ƙara ɗaya take yi musu.

INDA ZA A KAI KUKA

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirunsa shi ne jarin macuci. Ya adana rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin waya da hoton tallar, ya sanar da bankinsa nan take. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin kayan jabu da marasa inganci. Hukumar Kare Hakkin Masu Saye, watau FCCPC, tana karɓar ƙorafi. In zamba ce tsagwaronta, akwai 'yan sanda da hukumar EFCC, wadda take da ofis a Fatakwal da Inugu.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na waɗannan garuruwa suna da rawar da za su taka. Maimakon kowane masallaci ya sayi tasa a ɓoye, ana iya haɗa kuɗi a sayo daga wakili guda sananne, a gwada a gaban jama'a, a rubuta lambobin a littafi. Wanda kuma ƙanensa ya nemi kuɗin na'ura, kafin ya taɓa abin da ya tara da gumin dare da rana, ya fara tambayarsa wa zai sayar masa, ina kantinsa yake, wa ya gwada ta, kuma a wane fili yake da izinin aiki. In amsoshin ba su fito ba, kuɗin ya ci gaba da zama a inda yake. In kunne ya ji, jiki ya tsira.